TASHAR CANJI A ƘARƘASHIN OFISOSHIN BIRNIN NEW YORK

Duk wanda ya yi tafiya a jirgin ƙasa a zamanin da reluwe ke tashe a ƙasar nan ya san abin da a ke nufi da tashar canji. Mutumin da ya taso daga Kano za shi Ƙaurar Namoda ya kan sauka a Zariya ya nemi wani jirgi, mai zuwa Jos daga Fatakwal kuwa Kafancan ce mahaɗarsa. A irin waɗannan tashoshi mutum ya kan shimfiɗa tabarma, ya yi salla, ya ci guzurinsa, wani lokaci har ya kwana kafin jirginsa ya iso. To, a manyan biranen duniya akwai tashoshin canji a tsakiyar gari, amma a ƙarƙashin ƙasa su ke, jiran da a ke yi a cikinsu kuwa da minti a ke ƙirga shi. Yau muna so mu ba masu karatu labarin ɗaya daga cikinsu, wadda ke birnin New York na ƙasar Amurka, a ƙarƙashin unguwar da ofisoshin mulkin birnin su ke.

Sunan tashar dogo ne, domin asalinta tashoshi biyu ne aka haɗe. Ɓangare ɗaya ana kiransa Brooklyn Bridge–City Hall, watau Gadar Brooklyn da Ofishin Gari, ɗayan kuwa Chambers Street, sunan wani titi da ke wurin. Mun zaɓe ta ne domin da yawa daga cikin masu hawa da sauka a matakalanta ma'aikata ne irin masu karanta wannan jarida, akawuna da masu rubuta shari'a da ma'aikatan ilmi. Har wa yau kuma tarihinta yana nuna abin da kan sami aikin jama'a in an gina shi da kyau, sa'an nan aka rasa mai kula da shi.

UNGUWAR OFISOSHI

Birnin New York gundumomi biyar ne, waɗanda aka haɗa ƙarƙashin mulki ɗaya a cikin 1898. Su ne Manhattan da Brooklyn da Queens da Bronx da Staten Island. Manhattan tsibiri ne dogo siriri, tsawonsa mil 13 da 'yan kai, can kusa da ƙarshensa na kudu kuwa unguwar ofisoshi ta ke.

In mutum ya hau matakala ya fito daga tashar, abin da zai fara gani shi ne Ofishin Gari, wanda in a ƙasar nan ne zamanin En'e sai mu ce Babban Ofis. An gama gina shi a cikin 1812, har yau kuwa a cikinsa Magajin Gari ke zama, da Majalisar Gari mai wakilai 51. Magina sun yi gabansa da gefensa da farin dutse mai tsada, bayansa na arewa kuwa da jan dutse mai araha. An ce dalilinsu shi ne ba su zaci gari zai wuce nan ya yi arewa ba, balle wani ya ga bayan. Ga shi yanzu kusan dukan tsibirin a bayan ginin ya ke.

Daura da shi ta arewa akwai tsohuwar kotu wadda a ke kira Kotun Tweed, ita kuwa labarinta abin ji ne ga kowane akawu. An fara ta a cikin 1861, ba a gama ba sai 1881. Kuɗin da doka ta fara yarda a kashe dala 250,000 ne, amma kafin a ankara abin ya haura dala miliyan 10, watau ya fi dala miliyan 7 da dubu 200 da Amurka ta biya Rasha ta sayi ƙasar Alaska a cikin 1867. William Tweed, uban 'yan siyasar birnin a lokacin, shi da mutanensa su ke sa 'yan kwangila su kumbura takardun biya, su kuma su kwashe rarar. Abin da ya tona su shi ne waɗansu akawuna da suka kwafe lissafin daga littattafan baitulmalin birni, aka kai wa jaridar New York Times, ta buga shi a cikin 1871. A cikin wannan kotu da ba a gama ba aka yi wa Tweed shari'a a 1873, a kurkuku kuma ya mutu a 1878. Tun 2002 ginin ya zama hedkwatar ma'aikatar ilmi ta birnin.

Ta gabas akwai babban benen ma'aikatun gari mai hawa 40, wanda aka gama a 1914. A cikin 2015 aka sa masa sunan David Dinkins, baƙar fata na farko da ya zama Magajin Garin New York. In aka ɗan matsa arewa sai dandalin Foley, inda manyan kotuna na jiha da na tarayya su ke kewaye, ga hedkwatar 'yan sanda a kusa, ga ofishin da a ke ɗaura auren gwamnati, ga kuma dogon benen gwamnatin tarayya inda a ke duba sha'anin baƙi 'yan wata ƙasa. Mutanen Afirka ta Yamma da ke zaune a gundumar Bronx, cikinsu har da masu jin Hausa daga zangunan Gana da ƙasar Nijar, in takardar zama ta kai su wannan bene, jirgi mai lamba 4 ke ɗauko su daga unguwarsu ya sauke su a wannan tasha ba tare da canji ba.

Amma fa mutanen Afirka sun riga duk waɗannan benaye zuwa wurin. A cikin 1991, ana haƙa harsashin wani ofishin gwamnatin tarayya a titin Broadway, sai aka iske ƙaburbura. Bincike ya nuna maƙabartar bayi ce da 'yantattu baƙar fata, wadda aka yi aiki da ita tun wajen ƙarshen ƙarni na 17 har zuwa 1794, lokacin da wurin ke bayan gari. Masana sun ƙiyasta an binne mutum kamar 15,000 a nan. An tono gawa 419, aka kai su Jami'ar Howard aka duba, sa'an nan a cikin 2003 aka mai da su ƙasa cikin akwatunan katako da aka sassaƙa a Gana. A 2006 gwamnati ta mai da wurin abin tunawa na ƙasa.

DALILIN SHIGA ƘARƘASHIN ƘASA

Landan ce ta fara sa jirgi a ƙarƙashin ƙasa a cikin 1863. A New York kuwa da fari bisa aka bi, aka kafa ginshiƙan ƙarfe a kan tituna, jirage suna gudu a kansu suna zuba wa mutanen ƙasa hayaƙi da toka. Wani mutum mai suna Alfred Beach ya gwada wata dabara a 1870, ya haƙa ɗan rami mai tsawon ƙafa 312 a ƙarƙashin Broadway, kusa da Ofishin Gari, ya sa tarago ɗaya wanda iska ke turawa. Mutane suka yi ta zuwa kallo, amma abin bai wuce nan ba, aka rufe shi a 1873.

A watan Maris na 1888 aka yi wata dusar ƙanƙara mai tsanani ƙwarai, ta binne tituna, jiragen bisa suka tsaya cik da fasinjoji a ciki, mutane da dama suka halaka. Wannan ya ƙara wa masu cewa a shiga ƙasa ƙarfi. A 1894 aka yi doka, jama'ar birni kuma suka jefa ƙuri'a suka yarda gari ya gina hanyar da kuɗinsa, ya ba kamfani haya ya tafiyar da jiragen. A 1900 aka ba John McDonald kwangila a kan dala miliyan 35, wani attajiri August Belmont ya tsaya masa, babban injiniya kuwa shi ne William Parsons. Ran 24 ga Maris, 1900, aka sara ƙasa a ƙofar Ofishin Gari.

Yadda suka yi mafi yawan aikin ba wuya a gane shi. Sai a fasa titi, a haƙa dogon rami kamar lambatu mai faɗi, a kawar da bututun ruwa da na gas, a shimfiɗa dogo, a kafa ginshiƙan ƙarfe, a rufe sama da kankare, a mai da titi kamar yadda ya ke. Don haka ne tashoshin farko ba su da zurfi, mai tsaye a dakali ya kan ji motoci na wucewa a bisa kansa. Wutar lantarki ke jan jiragen, tana bi ta wani dogo na uku da ke kwance a gefen biyun da ƙafafun jirgi ke bi.

Ran 27 ga Oktoba, 1904, aka buɗe hanyar. Tsawonta mil 9 ne da ɗan ɗori, tashoshi 28, daga Ofishin Gari zuwa Titi na 145. Aka miƙa wa Magajin Gari George McClellan hannun tuƙi na azurfa don ya ta da jirgin farko, da nufin in ya ɗan taɓa ya ba direba. Abin ya yi masa daɗi, ya ƙi saki har sai da ya kai Titi na 103. Da ƙarfe 7 na yamma aka buɗe wa jama'a ƙofa, kuɗin shiga senti 5, senti 100 kuwa ke yin dala ɗaya.

YADDA CANJIN YA KE

Hikimar da Parsons ya yi, wadda ta bambanta jirgin New York da na sauran birane, ita ce shimfiɗa hanyoyi huɗu a jere a rami ɗaya. Biyun da ke tsakiya na jirage masu sauri ne, waɗanda ke tsallake ƙananan tashoshi, biyun da ke gefe kuwa na masu bin tasha-tasha. A manyan tashoshi, irin ta Gadar Brooklyn, akwai dakali biyu, kowane yana tsakanin hanyar mai sauri da ta mai tsaye-tsaye. Saboda haka wanda ke son canji ba ya hawa ko sauka, sai ya fito ta wannan ƙofa, ya taka 'yan taki, ya shiga ta waccan.

Jirage masu lamba 4 da 5 su ne masu sauri da rana, mai lamba 6 kuwa shi ke bin tasha-tasha. Ga misali. Akawu ya tashi aiki za shi babbar tashar Grand Central, inda zai sami jirgin bayan gari. In ya shiga mai lamba 4, sau ɗaya kaɗai zai tsaya a hanya, a dandalin Union. In ya shiga mai lamba 6, sai ya tsaya sau takwas kafin ya isa. Amma wanda gidansa ke kusa da ɗaya daga cikin ƙananan tashoshin, mai lamba 6 ne abokin tafiyarsa, ko kuwa ya bi mai sauri zuwa babbar tasha mafi kusa ya canja. Kowane fasinja yana riƙe da wannan lissafi a kansa, shi ya sa in jirage biyu suka iso tare sai ka ga jama'a sun ratsa juna a kan dakali kamar zaren saƙa.

Ko da ya ke sunan gada tashar ta ɗauka, ba jirgin da ke hawa Gadar Brooklyn yanzu. Masu lamba 4 da 5 ta ƙarƙashin kogi su ke shiga Brooklyn, ta wani rami da aka buɗe a 1908.

Canji na biyu ya fi wannan tafiya. Mutum ya bi wani lungu a ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla ɓangaren Chambers Street, wanda ke daidai ƙarƙashin benen nan mai hawa 40. A nan jiragen ba su da lamba, haruffa gare su, J da Z. Su ne ke haye Gadar Williamsburg su ratsa arewacin Brooklyn har unguwar Jamaica a Queens, ta kudu kuwa su kai unguwar bankuna. Mai harafin Z sai lokacin zuwa aiki da tashi a ke ganinsa.

Mai karatu zai tambaya, don me ba za a bar jirgi ɗaya ya bi duk hanyoyin ba, a hutar da mutane? Amsar tana ga faɗin taragu. Kamfanoni biyu ne suka tafiyar da waɗannan hanyoyi da fari, kowa da ma'auninsa. Taragun kamfanin farko, wanda a ke taƙaita sunansa IRT, faɗinsu bai cika ƙafa 9 ba, tsawonsu ƙafa 51. Na kamfanin Brooklyn kuwa faɗinsu kamar ƙafa 10, waɗanda ke bin hanyar J tsawonsu ƙafa 60. Faɗin dogon ɗaya ne, amma babban tarago ba ya shiga ramin ƙarami, ƙaramin kuma in ya tsaya a tashar babba sai ya bar wawakeken giɓi tsakaninsa da dakali. Tun ran gini ran zane. Kamfanonin sun shuɗe tun 1940, amma ma'aunin da suka zaɓa shi ke sa dubban mutane tafiya a wannan lungu kowace safiya.

TASHAR DA AKA RUFE

Jirgi mai lamba 6 a tashar Gadar Brooklyn ya ke ƙare tafiyarsa ta kudu. Ba ya komawa da baya, sai ya wuce gaba ya bi wata hanya mai lanƙwasa kamar igiyar guga, ya kewayo ya fito a dakalin masu zuwa arewa. A kan wannan lanƙwasa, ƙarƙashin lambun Ofishin Gari, akwai tashar da McClellan ya ta da jirgin farko.

An ƙawata ta fiye da kowace tasha a hanyar. Rufinta irin ɗaurin gugan da maginanmu ke yi wa soron sarki ne, bakan gizo bayan bakan gizo, an lulluɓe su da tubalin tangaran mai launi, aikin wani magini Rafael Guastavino ɗan asalin Sifen. Ga fitilun tagulla na rataye, ga tagogin gilashi a sama masu shigo da hasken rana. Sai dai dakalinta gajere ne, taragu biyar kaɗai ya ke ɗauka, ga shi a lanƙwashe. Da jama'a ta ƙaru aka tsawaita jirage, aka kuma kawo taragu masu ƙofa a tsakiya, sai ya zama ƙofar tsakiya tana buɗewa nesa da bakin dakali. Ban da haka tashar Gadar Brooklyn, inda masu sauri ke tsayawa, ba ta fi ƙafa 600 daga wurin ba, mutane kuwa sun fi son sauri da kallon ado. A shekararta ta ƙarshe fasinja kamar 600 ke shiga a yini. Ran 31 ga Disamba, 1945, aka rufe ta, shekara 41 bayan bukin buɗe ta.

Ita tashar Gadar Brooklyn da ba a yi wa adon kirki ba, ita ce ta rayu, don ana iya yi mata ƙari. Aka tsawaita dakalinta ta wajen arewa har ya ɗauki taragu goma, abin da ya sa ta kusa haɗuwa da wata ƙaramar tasha a titin Worth, sai aka rufe waccan a 1962.

TASHAR DA JAMA'A SUKA GUJE WA

Labarin ɓangaren Chambers Street wani iri ne. An buɗe shi ran 4 ga Agusta, 1913, da nufin ya zama matattarar jiragen Brooklyn a Manhattan. Aka yi shi da faɗi da tsawon rufi kamar masallacin Juma'a, hanyoyi huɗu, dakali biyar, don masu fita su bi wani, masu shiga su bi wani. Har aka gina hanyar da za ta haɗa shi da jiragen kan Gadar Brooklyn, wadda ba a taɓa aiki da ita ba.

Da fari masu shirin sun yi gaskiya. Jiragen Gadar Williamsburg da na Gadar Manhattan duk a nan su ke juyawa, cunkoso ya yi yawa har ana kuka da shi. Daga baya abubuwa suka yi ta sakewa ɗaya bayan ɗaya. A 1931 aka zarce da hanyar kudu zuwa unguwar bankuna, tashar ta tashi daga maƙura ta koma wurin wucewa, aka rufe waɗansu dakalan. Manyan kantuna da ofisoshin kamfanoni suka yi ta ƙaura zuwa tsakiyar tsibirin, mutanen Brooklyn kuma suka sami jiragen da ke kai su can kai tsaye. A 1944 aka daina hawa Gadar Brooklyn da jiragen bisa, a ƙarshen 1953 aka rufe reshen jirgin bisa na Titi na Uku da ke zuwa Ofishin Gari, su kuwa su ne ke zubo jama'a a unguwar. A 1967 aka sake tsarin hanyoyin Gadar Manhattan, aka yanke wadda ke shigowa Chambers Street.

Abin da ya rage shi ne katafariyar tasha mai dakali biyu kaɗai da ke aiki. Sauran suna nan a duhu, mai jiran jirgi na hango su. Shekara da shekaru ruwa ya yi ta tsattsafowa ta rufi, tangaran ya yi ta faɗuwa daga bango, fenti ya ɓare, har jaridun birnin suka sha kiranta tashar da ta fi kowace muni. Abin mamaki, a bisa kanta ne akawunan gari ke zaune suna rubuta lissafin birni. A 2020 aka sa mata lif, watau ɗan ɗakin nan mai hawa da sauka da mutane, domin guragu da tsofaffi.

SENTI BIYAR

Ruwa ba ya tsami banza. Lalacewar irin wannan tasha tana da tushe a kuɗin shiga. A yarjejeniyar da gari ya yi da kamfanonin biyu a 1913, an rubuta cewa kuɗin zai zauna senti 5, kome nisan tafiya. Ba a daɗe ba aka yi Yaƙin Duniya na Farko, tsadar gawayi da ƙarfe da ladan ma'aikata ta hau, senti 5 kuwa na nan inda ya ke. Ba ɗan siyasar da ke son a ce shi ya ƙara wa talaka kuɗin jirgi. Kamfanin IRT ya nemi a mai da shi senti 7, magana ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka, a 1929 ya sha kaye, a 1932 ya karye. A 1940 gari ya saye kamfanonin biyu ya haɗa da hanyar da shi kansa ya gina. Sai ran 1 ga Yuli, 1948, aka mai da kuɗin senti 10, bayan shekara 44. A wannan rana ce kuma aka yarda mutum ya bi lungun nan tsakanin Gadar Brooklyn da Chambers Street ba tare da ya sake biya ba, tashoshin biyu suka zama ɗaya.

Kada a ce arahar ba ta yi amfani ba. Ita ce ta ba leburori da baƙi damar barin ƙuntatattun ɗakunan kudancin Manhattan su koma Bronx da Brooklyn inda akwai sarari, su kuma riƙa zuwa aiki kullum. Inda aka yi kuskure shi ne an tsai da abin da fasinja zai biya, ba a tsai da inda kuɗin gyara zai fito ba. In kuɗi ya kasa ba a iya hana ma'aikaci albashi, ba a iya kashe wuta, saboda haka gyara a ke ɗagawa zuwa baɗi, baɗi kuma a ɗaga zuwa baɗin baɗaɗa.

A 1953 kuɗin ya koma senti 15, aka fito da wani ɗan ƙarfe mai huda kamar anini wanda a ke jefawa a ƙofar shiga, aka yi aiki da irinsa har 2003. A 1975 baitulmalin birnin ya kusa karyewa, gyara ya tsaya kusan ɗungum, jirage suka riƙa gocewa daga dogo, gobara ta yawaita, mutane suka guji jirgin. Sai daga 1982 aka fara shirin gyara na shekara biyar biyar mai kuɗinsa dabam, aka sayi sababbin taragu, aka sake dogo. Duk da haka a 2017 Gwamnan jihar ya ce jirgin ya shiga halin ta-ɓaci saboda yawan latti da lalacewa. Ran 5 ga Janairu, 2025, aka fara karɓar dala 9 daga ƙananan motocin da ke shiga kudancin Manhattan da rana, don a zuba kuɗin a gyaran jirage. A farkon 2026 kuɗin shiga ya kai dala 3, kati ko wayar hannu a ke ɗorawa a ƙofa ta buɗe.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Tashoshin birnin 472 ne, jiragen ba su kwana, dare da rana su ke gudu, saboda haka mai gyara ba shi da lokacin da hanya ke zama tasa shi kaɗai. Ko ran da ba a yi ruwan sama ba, injuna na zuƙe ruwa fiye da galan miliyan 10 daga ramukan, domin ƙasar tsibirin jiƙaƙƙiya ce. Dandalin Foley ma kansa a kan wani tsohon tafki ya ke wanda aka cike a farkon ƙarni na 19.

ABIN DA YA SHAFE MU

To, jama'a, ba mu da jirgin ƙarƙashin ƙasa a garuruwanmu, amma muna da ajin makaranta da rijiya da ɗakin shan magani da rumfunan kasuwa da kwalbati, dukansu kuwa doka ɗaya ke kansu. A ƙiyasin kuɗin shekara akwai layin sabon aiki, akwai layin gyara. Sabon aiki shi ke da buki da kaɗe-kaɗe da allon da a ke rubuta sunan mai buɗewa. Gyara ba shi da ko ɗaya, shi ya sa in aka zo rage kuɗi shi alƙalami ke fara samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kwanon rufi ɗaya da aka ƙi sakewa bana shi ke jawo sake rufin aji duka nan da shekara uku.

Akawun da ke shirya ƙiyasi yana da ikon da ya fi yadda ya ke zato. In aka kawo masa shirin sabon gini, ya kamata ya tambaya nawa za a riƙa kashewa a kansa kowace shekara, daga wane aljihu kuma. Ya tambaya ko an bar wurin ƙari in jama'a ta yawaita, ko kuwa za a yi irin tashar nan mai ɗaurin guga wadda kyanta bai hana a rufe ta ba. Ya tambaya ko girman ginin daidai ya ke da masu zuwa, in kasuwa ta tashi ko hanya ta sake. Littafin lissafi kuma a riƙe shi yadda kowa zai iya dubawa, don mun ga abin da kwafin akawuna ya yi wa Tweed. Malaman makaranta su ma suna da rabonsu, domin yaron da aka koya wa cewa bencin aji nasa ne da na ƙanensa mai zuwa, shi ne zai zama ma'ajin da ba ya soke layin gyara.

Wanda Allah Ya kai shi New York cikin masu karatu, in yana son gani da idonsa, ya shiga jirgi mai lamba 6 mai zuwa kudu. In an iso Gadar Brooklyn kowa ya fita, shi ya zauna, hukuma ba ta hana ba. Jirgin zai shiga lanƙwasa a hankali yana ƙara, in ya duba ta taga zai ga tsohon dakalin da bakan gizon suna wucewa cikin ɗan haske. Da jirgi ya kewayo sai ya sauka, ya bi lungu zuwa Chambers Street, ya tsaya ya dubi dakalan da aka rufe, sa'an nan ya hau matakala ya fito ƙarƙashin benen akawunan gari.